Kwana Tara Ba a Gaya wa Auta Ba

Auta mai gilashi ne. Yana da ɗan shago a bayan layin masu kayan gini, inda yake yanka gilashin taga da madubi da na kabad, kuma idan an gama gini akan kira shi ya je ya saka. Shekararsa talatin da huɗu, bai yi aure ba, yana zaune a ɗakin da ke kusa da ƙofar gidansu. Su uku mahaifiyarsu, Inna, ta haifa. Na fari shi ne Babban Yaya, direba a wani kamfanin dakon kaya, wanda ke zaune da iyalinsa a ɓangare ɗaya na gidan. Sai mace mai bi masa, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyarwa a firamare, tana aure a wata unguwa. Sai shi Auta.

Shekara shida da suka wuce ya yi ciwo. Da farko barci ne ya ƙaurace masa, kusan mako biyu. Daga nan ya fara cewa madubban shagonsa suna kawo masa gulmar da mutane ke yi a kansa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya juya su suna kallon bango. Ya daina cin abincin gida, wai ana haɗa baki a kansa. Ranar da ya fita ba takalmi aka tsinto shi da yamma a gefen babban titi, tafin ƙafafunsa duk sun fashe, ranar Babban Yaya ya kai shi asibitin masu taɓin hankali. Wata uku ya yi a can. Ya fito da ƙiba, da 'yar rawar hannu, da shuɗin katin asibiti, da ƙwayar da zai riƙa sha kowace yamma.

Inna ce ta ɗauki jinyar. Ba ta iya karatu ba, amma ta san kwalin maganin, har in an canja kamfani sai ta mayar ta tambaya. Duk Talatar farkon wata sai ta raka shi, ta zauna a dogon bencin da ke gaban ɗakin likita tana hira da kowa. Babbar ma'aikaciyar jinyar sashen, wata dattijuwa mai furfura da ake kira Sista, ta zama kamar ƙawarta.

"Sista, in kin gama da shi ni ma ki duba ni," Inna takan ce. "'Ya'yan nan uku sun kusa juya mini kai."

Auta ya samu lafiya. Rawar hannun ta ragu, ya koma shago, masu gini suka ci gaba da nemansa domin awonsa ba ya kuskure. Shekara biyar ciwon bai sake tashi ba. Amma a gida ba a daina sa masa ido ba. In ya yi dariya da ƙarfi, sai matar Babban Yaya ta ɗago kai ta dube shi. In ya yi musu a kan ƙwallo, sai Babban Yaya ya sassauta murya ya ce, "Ka dai sha maganinka ko?" Ita kanta Malama, da ke ganin ta fi kowa fahimtarsa, lallaɓa shi take yi kamar ƙwai. Inna kaɗai ke masa faɗa. In ya bar takalmi a tsakar gida ta zage shi tas, in ya makara ta buga masa ƙofa da ludayi.

"Inna kaɗai ke zagina a gidan nan," Auta ya taɓa gaya wa Malama yana dariya. "Da zaginta nake gane ina da lafiya."

Wata rana wani ɗan kwangila ya zo masa da aiki: sabon ginin ofisoshi mai hawa huɗu a wani gari mai nisan tafiyar yini guda, tagogi sama da ɗari, aikin mako uku. Babban Yaya ya ce bai yarda ba, wa zai lura da shi a can? Inna ta ce ya je.

"Ƙato kamar wannan za ka ce a lura da shi? Ku bar yaro ya yi aikinsa."

Ita ta zuba masa ƙwayoyin a 'yar jaka ta cusa a ƙasan akwatinsa. Ya tafi. Kowace yamma bayan an tashi daga aiki yakan kira ƙaramar wayarta, hirar kuma kusan iri ɗaya ce: ka ci, ka sha magani, ka yi hankali da tsani. Shi kuma ya ba ta labarin ma'aikatan, da wani mai fenti da ke waƙa da murya kamar ta tsohon injin niƙa.

A kwana na goma da tafiyarsa Inna ta faɗi a bakin famfo tana ɗauraye kwanuka. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace. Aka kai ta babban asibiti. Malama ta baro aji ta iske ta a kwance an sa mata ruwa, tana iya magana amma da ƙyar. Da ta fito baranda ta ciro waya za ta kira Auta, sai Babban Yaya ya riƙe mata hannu.

"Wa za ki kira?"

"Auta mana."

"Mutum yana hawa na uku da gilashi a hannu, ki ce masa uwarsa ta faɗi? In abin ya tashi masa a can, a garin da bai san kowa ba, wa zai tsinto shi? Kin manta yadda muka same shi?"

Malama ba ta manta ba. Ita ce ta wanke masa ƙafafun ranar, ta cire masa tsakuwa daga cikin tsaguwar. Ta tsaya da wayar a hannu, sannan ta mayar da ita jaka. Ba tilasta mata aka yi ba, kuma daga baya ba ta taɓa cewa an tilasta mata ba. Ta ga kamar maganar yayanta ita ce hankali. Likitoci sun ce wasu kan farfaɗo. Inna za ta ji sauƙi, Auta ya dawo ya same ta tana zaune, a ba shi labari a tsanake.

Da yamma ya kira wayar Inna, Malama ta ɗauka. Ta ce Inna mura take yi, muryarta ta dishe, ta kwanta.

"Ki ce mata ta daina wasa da ruwan sanyi," in ji shi. "Ba ta jin magana."

Kwana biyu Inna ta yi a asibiti. A rana ta farko ta dubi Malama ta ce, "Auta fa?" Malama ta ce yana hanya. A rana ta biyu ta sake tambaya, sau uku, kuma duk lokacin da aka turo ƙofar ɗakin sai ta juya idonta can. Babban Yaya ya ce mata mota ce ta lalace musu, amma ya kusa. Da safiyar rana ta uku ta rasu.

Bayan an dawo daga binne ta, Malama ta ce yanzu kam dole a gaya masa. Babban Yaya, wanda idanunsa suka kumbura, ya girgiza kai.

"Da tana da rai ma ba mu gaya masa ba, sai yanzu? A waya? Saura masa kwana tara. Ya gama ya dawo. Kafin nan mu je mu ga likitansa, ya gaya mana yadda za a yi, ko ya ƙara masa magani tukuna."

Ba su je wurin likitan ba. Gida ya cika da masu ta'aziyya, kwanaki suka yi ta wucewa. An dai bi dangi da maƙwabta an roƙe su kada kowa ya kira Auta, kowa kuma ya ce ai haka ya dace, ganin lalurarsa. Kowace yamma wayar Inna ta yi ƙara a jakar Malama, sai ta tashi daga cikin mata ta shige banɗaki ta rufe ƙofa. Inna tana barci. Inna ta je dubo ƙanwarta. Inna tana wanka. Wata rana ya ce ya ga wani bargo mai laushi a kasuwar garin ya saya mata, tunda ta zama mai mura. A rana ta shida da rasuwar ya ce mata a wayar:

"Yaya, akwai abin da kuke ɓoye mini ne?"

"Me za mu ɓoye maka?"

"Kwana nawa ban ji muryarta ba. Ko zagina ne ki ba ta ta yi."

"Wallahi ba komai, Auta. Gajiya ce take sa ka tunani. Ka samu ka huta."

"To. Tunda ke kika faɗa."

Ya dawo da tsakar rana, ranar da ya ce zai dawo. Malama tana ɗakin Inna tana ninke zannuwanta a akwati, Babban Yaya yana tsakar gida yana haɗa kujerun da aka aro za a mayar. Sun shirya cewa za su zaunar da shi, ya ci abinci, ya sha ruwa, sannan Babban Yaya ya fara magana a hankali. Abin da ba su shirya ba shi ne mai shagon ƙofar gida, wanda ya ɗauka tunda ya dawo ai an riga an gaya masa.

Auta ya shigo da akwati a hannu ɗaya, bargon a leda a ɗaya hannun. Ya dubi kujerun. Ya dubi Malama da ta fito bakin ƙofa da zanen Inna a hannu.

"Yaya, mai shago ya ce mini ya ƙarin haƙuri. Haƙurin me?"

Ya ajiye kayan a ƙasa a hankali, ya wuce ta gefenta ya shiga ɗakin. An yaye zanen gado, an jingine katifar da bango. Carbinta da tabaraunta da kwalbar man zafinta duk an tattara su a cikin kwano ɗaya. Ya juyo.

"Yaushe?"

"Auta, ka zauna tukuna," in ji Babban Yaya.

"Yaushe?"

"Yau kwana tara," Malama ta ce.

Ta ga yana lissafi a fuskarsa. Sai wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, ba kuka ba ne, ba magana ba ce. Ya juya ya kai wa tagar ɗakin naushi. Gilashin ya tarwatse, jini ya biyo hannunsa har gwiwar hannu. Ya durƙusa a cikin fasassun gilashin yana kiran Inna da ƙarfi, yana cewa me ya yi musu, me ya yi musu.

Babban Yaya ya rungume shi ta baya yana kiran maƙwabta. Maza uku suka shigo. Auta yana fizgewa yana cewa su sake shi, ba ciwon ba ne, su sake shi ya je ya ga inda aka sa ta. Duk yadda ya ƙara faɗar haka sai su ƙara danne shi. Wani ya tsinko igiyar shanya aka ɗaure masa hannuwa ta gaba. Matar Babban Yaya ta kwashe 'ya'yanta ta kulle ɗaki. Aka sa shi a bayan mota, Malama ta zauna kusa da shi tana danne masa ciwon da tawul. Kafin su kai babban titi ya daina magana. Ya jingina kansa da kujera, hawaye na gangarowa, bai dube ta ba ko sau ɗaya.

A asibitin masu taɓin hankali Sista ce ke bakin aiki. Ta taso daga teburinta da ta ga an shigo da shi.

"Ku kwance shi," ta ce tun kafin ta gaishe su.

"Sista, ya fasa taga," in ji Babban Yaya. "Abin ne ya tashi."

"Na ji. Ku kwance shi. Nan ba ma karɓar mutum a ɗaure."

Aka kwance igiyar. Ta kama hannun ta duba, ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman wani.

"Ina Inna? Yau ba da ita aka zo ba?"

Auta ne ya amsa. "Ta rasu, Sista. Ɗazu na ji."

Sista ta riƙe hannunsa. Sannan ta yi masa ta'aziyya kamar yadda ake yi wa kowa, ta yi wa Inna addu'a, ya amsa. Ita ce mutum ta farko da ta yi masa gaisuwar rashin uwarsa bayan ya san ta rasu. Ta kai shi ɗakin ɗinki aka wanke ciwon, aka cire ɓarɓashin gilashi, aka yi masa ɗinki bakwai.

Likitan da ke ganinsa tun farko wani mutum ne mai sanyin magana. Ya tambayi Auta ko yana so a gan shi shi kaɗai. Auta ya ce yayarsa Malama ta zauna, yana so ta ji. Babban Yaya ya tsaya a waje. Ɗakin ƙarami ne, tebur da kujeru uku da fanka mai ƙara. Likita ya buɗe fayil, amma bai duba ba.

Ya tambaye shi yau wace rana ce, ya faɗa. Daga ina ya dawo, wane aiki ya yi, ya faɗa, har da yawan tagogin da suka rage wa wani ya ƙarasa. Yaya barcinsa a makonnin nan? Ya ce yana yi, sai dai kwana uku na ƙarshe ba sosai ba. Magani fa? Ya ce 'yar jakar tana akwatinsa, a je a duba, bai tsallake ko ɗaya ba. Yana jin muryoyi, ko wani abu na yi masa magana irin na da? A'a. Ya yi tunanin kashe kansa, ko ya cutar da wani? A'a.

"Me ya sa ka fasa tagar?"

"Uwata ta mutu, Likita. An binne ta ina can ina saka wa mutane taga. Ban san me zan yi da hannuna ba."

Likita ya gyaɗa kai. "Akwai lokacin da ka ji kamar ana haɗa baki a kanka?"

Auta ya daɗe yana kallon bandejin hannunsa.

"Na ji. Wajen mako guda ina ji. In na kira sai a ce tana barci, tana wanka. Zuciyata ta riƙa gaya mini ana ɓoye mini abu. Sai in ce wa kaina, kai Auta, irin tunanin nan ne ya kawo ka asibiti wancan karon. Na tambayi Yaya ta rantse mini ba komai. Sai na ce to shi ke nan, ciwon ne ke dawowa. Na ji tsoro ƙwarai. Ban gaya wa kowa ba. Na ce in na dawo zan gaya wa Inna ta rako ni wurinka tun kafin abin ya yi nisa."

Malama ta sa mayafi ta toshe bakinta. Likita bai dube ta ba. Ya rufe fayil ɗin ya ce a shigo da Babban Yaya.

"Ba zan kwantar da shi ba," ya ce. "Ban ga alamar ciwonsa ba. Ya san inda yake, maganarsa a jere take, yana shan magani. Abin da ya yi zargi kuma gaskiya ne, ba ruɗu ba. Mutum ne aka yi wa rasuwa."

"Likita, ba ka ga abin da ya yi ba ne," in ji Babban Yaya. "Jini ko'ina. Akwai yara a gidan."

"Na ga hannun. Ban ce fasa taga abu ne mai kyau ba. Amma a nan muna bambanta abu biyu. Akwai ciwo, wanda ke raba mutum da gane abin da ke faruwa. Akwai kuma baƙin ciki, wanda ke zuwa saboda mutum ya gane abin da ya faru sarai. Na biyun ba mu da gadonsa. Gaskiya ne rashi irin wannan na iya tayar da ciwon, shi ya sa zan riƙa ganinsa kowane mako na ɗan lokaci, kuma in barci ya ƙi masa kwana biyu a jere ya zo nan take. Da kun zo mini tun ranar da ta faɗi, da na ce ku kira shi, wani ya je ya taho da shi."

"Don shi muka yi," Babban Yaya ya ce.

"Na sani," in ji Likita.

Sista ta rako Malama baranda yayin da ake rubuta wa Auta ranar dawowa. Suka tsaya kusa da dogon bencin. Marasa lafiya biyu suna zaune da 'yan rakiyarsu, ɗaya na gyangyaɗi.

"Malama, ranar da aka ce miki ta cika, me kika yi?"

"Ban sani ba. An ce na faɗi a ƙasa ina ihu, na ture ƙarfen da ake rataye ruwa. Sai da mata biyu suka ɗaga ni."

"Wa ya ɗaure ki?"

Sista ta dafa mata kafaɗa.

"Ba don in ƙara miki nake faɗa ba. Shekarata ashirin da shida a nan, kuma ba ku kaɗai ba ne. Da zarar mutum ya taɓa kwanciya a wurinmu, sai a daina barinsa ya yi fushi ko ya yi kuka. Ku kai shi ya ga kabarin yau, kada ku bari sai gobe."

Daga asibiti suka wuce maƙabarta, rana ta yi sanyi. Babban Yaya ya yi gaba ya nuna masa kabarin. A cikin kwana tara har an ƙara wasu huɗu a layin. Auta ya tsuguna, ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan ƙasar, ya daɗe. Babban Yaya ya koma mota. Malama tana tsaye daga nesa kaɗan, a bakin hanya. Da ya gama ya taso ya tsaya a gabanta, karo na farko tun rana ya dube ta.

"Farat ɗaya ta tafi?"

"Ta kwana biyu a asibiti."

"Tana magana?"

"Kaɗan-kaɗan."

"Ta neme ni?"

Malama ta ji amsar da za ta sauƙaƙa musu su biyun ta zo mata har baki: ba ta cikin hayyacinta, ba ta gane kowa ba. Ta haɗiye ta.

"Ta neme ka. Ranar farko sau ɗaya, ta biyu sau uku."

"Me kuka ce mata?"

"Mun ce kana hanya."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Kenan ta tafi tana ganin an gaya mini ban zo ba."

"Auta, ka yafe mini."

"Mu tafi, Yaya. Yamma ta yi."

Bai sake kwana a gidan ba sai sau biyu. Ya gyara wani lungu a bayan shagonsa ya sa katifa. Da hannunsa ya warke ya zo da safe da kayan aiki, ya auna tagar ɗakin Inna, ya saka sabon gilashi, ya share wurin, ya tafi. Kowane mako yana zuwa asibiti shi kaɗai. Barci ya yi masa wuya a makonnin farko, ya rame, Likita ya ɗan gyara masa magani, amma ciwon bai tashi ba. Babban Yaya ya je shagon sau biyu don su yi magana. Auta ya tashi ya ba shi kujera, ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi yara, ya ci gaba da yanka gilashinsa har yayan ya gaji ya tafi. Malama tana kai masa abinci ranar Asabar. Yana karɓa, yana godiya, yana dawo da kwanon a wanke. Bai taɓa ɗaga mata murya ba, kuma ta sha fatan ya yi.

Bayan wata huɗu ɗan kwangilar nan ya samu wani babban aiki a garin da suka je, ya ce yana son mai gilashi na dindindin. Auta ya karɓa. Ya je ya gaya wa Likita, aka rubuta masa takarda zuwa asibitin can. Ya sayar da teburin yankan, ya mayar wa wanda ya ba shi hayar shagon mabuɗinsa. Sai da ya gama komai sannan ya gaya wa Malama, saura kwana biyu.

Ta raka shi tashar mota da sassafe. Ta so ta riƙe masa jaka, ya ce ba ta da nauyi. Suka tsaya a gefen motar ana ɗaure kaya a sama.

"Wa zai riƙa raka ka asibiti a can?" ta tambaya.

"Na san hanya, Yaya."

"Ba haka nake nufi ba."

"Na sani." Ya gyara jakar a kafaɗarsa. "Ban riƙe ki a zuciya ba. Na yi ta ƙoƙarin in ji haushinki, ya ƙi zama. Abin da na kasa shi ne, in kin yi mini magana yanzu sai in tsaya ina tunanin ko haka ne. Mai irin ciwona kuwa yana buƙatar mutum ɗaya da in ya ce masa ba komai, to ba komai ɗin. A da ku biyu ne, ke da Inna."

Ɗan kamasho ya fara kiran fasinja su shiga. Auta ya sa ƙafa ɗaya a mota, ya juyo.

"In wani abu ya samu ɗayanku, ko mene ne, ki kira ni a ranar. Ko ina kan tsani ne, zan sauko."

"Zan kira."

Ya shiga ya zauna ta ɗaya gefen, inda ba ta iya ganinsa sosai. Motar ta tashi. Malama ta tsaya har ta fita daga tasha, sannan ta nemi abin hawa zuwa makaranta, don tana da darasi ƙarfe takwas.

Yanzu shekara biyu ke nan. Yana lafiya, aikinsa na tafiya, an ce har ya buɗe shago nasa a can. Yakan kira ta a ƙarshen mako, ya tambayi mijinta da yara da Babban Yaya, ta tambaye shi aiki, su yi sallama cikin minti uku. Bai zo gida ba tukuna. Duk lokacin da ta tambaye shi yaushe, sai ya ce in aiki ya yi sauƙi.